Dashen haƙori: ciniki ba ya ƙarewa ranar biyan kuɗi

Jama'a ƴan kasuwa, a da tsarabar mai dawowa daga aikin hajji ita ce haƙorin Makka. Yau kuwa, cikin masu zuwa sarin kaya Dubai, Istanbul ko Alƙahira, akwai masu amfani da tafiyar su sa a dasa musu haƙori a gurbin wanda ya faɗi. Wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne mutum ya dawo Maraɗi, Ƙonni ko Jibiya yana ganin tunda ƙarfe ne, magana ta ƙare.

Dashe ya bambanta da haƙorin Makka. Ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom ake murzawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira kamar wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙorin a kai. Wani likitan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum irin wannan aiki a 1965. Gaskiya ne ƙarfen ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa da cuta.

Idan dauɗa ta taru a gindin dashen, dasashi kan kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini wajen goge baki. A wannan mataki ana warkewa sarai in likita ya wanke wurin. In aka yi sakaci, cutar ta gangara ta fara cin ƙashi, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin tsoron shi ne dashe ba shi da jijiya irin ta haƙorin halitta, don haka sau da yawa ba a jin zafi. Ranar da ya fara girgiɗi, galibi sai cirewa. Mai shan sigari, mai ciwon sukari da ba ya kula da shi, da wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙora tun farko, su suka fi shiga haɗari.

Shawarata ita ce: kada kowa ya yarda a dasa masa haƙori a ƙasar waje sai ya san likitan da zai riƙa duba shi a nan gida. Kafin ka baro asibitin, karɓi takarda mai sunan kamfanin ƙusar da girmanta, da hoton ƙashin da aka ɗauka. Kamfanonin suna da yawa, kayan wani ba su shiga na wani, kamar dai kayan gyaran mota.

Bayan haka, goge baki da buroshi safe da dare. Asuwaki na da kyau, amma ba ya shiga tsakanin haƙora. Akwai ɗan siririn buroshi na wannan aikin. A bar tauna ƙashi da buɗe kwalba da haƙori. A ga likita duk wata 6, ko da ba a jin komai. Jini, mugunya ko warin baki kuwa, ba a jira sai bayan cin kasuwa.

Wani zai ce likitocin haƙori sun yi mana nisa, zuwa Yamai ko Kano asarar kwanaki ce. Haka ne. Amma wanda ya san ba zai iya wannan zirga-zirga ba, gara ya nemi haƙorin roba na sawa da cirewa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.