Tikitin Reykjavik: Araha Ba Ta Ado

Daga New York zuwa Reykjavik, babban birnin Iceland, tafiyar kusan awa shida ce a jirgi. Kamfanin WOW air ya taɓa sayar da tikitinta dala 99, amma ya durƙushe a Maris ɗin 2019, ya bar dubban fasinjoji cirko-cirko. Kamfanin Play ma ya bi sahunsa a Satumbar 2025.

Don haka mai neman rangwame ya kauce wa cunkoson Yuni zuwa Agusta, ya haɗa kuɗin jaka da na motar shiga gari daga filin jirgin Keflavík, mai nisan kilomita 50. Sannan ya binciki ƙarfin kamfani kafin ya biya, domin tikitin jirgin da bai tashi ba shi ne mafi tsada.