Shirunmu Ne Yake Tura Matanmu Kemis

'Yan'uwa cikin Ubangiji, musamman dattawan ikkilisiya, ku yi haƙuri da mu. Mun daɗe muna yi kamar maganar tazarar haihuwa ba ta shigo majami'unmu ba. Ta shigo tuni, ta ƙofar baya ta bi. Mai kemis a Musawa ko Malumfashi ya fi fasto sanin wadda take shan ƙwaya da wadda take karɓar allurar wata uku.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina takan haihu fiye da sau bakwai, babu jihar da ta kai mu. Mu da muke tsayawa a bakin kabarin matan da jini ya ɓalle musu, ba sai takarda ta gaya mana ba.

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. To, me ya kai 'yar'uwarmu kemis da kuɗin gyaɗarta? Asibiti da nisa, hanya ba lafiya saboda 'yan bindiga. Amma babban dalili mu ne. In an gan ta a layi, ranar Lahadi ita ce abin wa'azi. Mai kemis kuwa ba ya tambaya, rashin tambayar nan kuma shi ne haɗarin. Akwai ƙwayar da ba ta dace da mai hawan jini ko ɗanyen jego ba. Wa zai auna ta? Postinor-2 maganin gaggawa ne, ba na kullum ba, a 2025 ma NAFDAC ta yi gargaɗi cewa jabunsa ya shiga kasuwa. Akwai masu kemis na kirki, masu lasisi, ba mu musa ba. Duk da haka ɗan kasuwa ne, ba ungozoma ba.

Wani dattijo zai ce 'ya'ya kyautar Allah ne. Gaskiya ne. Amma kakanninmu sun ƙi kwanika, mace takan yi shekara biyu tana goyo kafin yaye. Mu ne muka watsar da wannan, sa'an nan muke zargin mata.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta bar Zumuntar Mata ta gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani, mazan kuma su zauna a ciki, kada su tsaya a gindin bishiya.