Daga Allon Malam: Sikelin Nama A Garejin Porsche

A damina motata ta mutu mini a hanyar makaranta. Wani bakanike ya sa mata sabon taimin bel, ya ɗaure shi da ido kawai, bayan mako uku bel ya tsallake haƙora, bawul suka lanƙwashe. Albashin wata biyu ya tafi. Wannan ya sa na bincika yadda masu tsofaffin motocin tsere a Turai da Amurka suke yi.

Mu ɗauki Porsche 944, wadda kamfanin Jamus ya ƙera daga 1982 zuwa 1991. A injinta, bel ɗin nan shi ke sa fistan da bawul su yi aiki kan lokaci. In ya yi sako-sako ya tsallake, fistan ya doki bawul. In kuma ya yi tsauri, sai ya riƙa kuka yana cin boris ɗin famfon ruwa. Kamfanin ya yi ma'auni na musamman mai lamba 9201, amma tsadarsa ta sa masu motar da yawa suka ƙera nasu.

Kayan ba su da yawa: sikelin rataya irin na mahauta, rular ƙarfe, da miƙaƙƙen ƙarfe. A bar inji ya huce. A ɗora ƙarfen a gefen bel inda ya fi tsawo tsakanin gargare biyu, a ja tsakiyarsa da sikeli, a auna milimita nawa ya kauce. Wannan ita ce dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, wadda muke koya wa yara: gwargwadon jan sifirin, gwargwadon miƙewarsa.

Wasu kuma sukan kaɗa bel kamar tsirkiyar molo, su auna ƙarar da wayar hannu, domin tsirkiya in ta ƙara tsauri muryarta takan tashi.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Ma'aunin gida ba ya faɗin gaskiya sai an gwada shi a kan bel ɗin da aka riga aka daidaita da ma'aunin kamfani, a rubuta adadin, a riƙa komawa gare shi. Ban da wannan, canki-canki ne kawai. Sannan sabon bel yakan saki bayan an ɗan yi tafiya, dole a koma a sake aunawa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa bakanikai na zango: sikeli da rula ba su kai kuɗin bawul ɗaya ba. Ku ma masu mota, ku tambayi da me aka auna kafin ku biya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.