Jami'a da kasuwa: a buɗe ƙofar da ke tsakaninsu

Tun zamanin mulkin mallaka, hanya guda lakkol take nuna wa yaro a ƙasar Nijar: ya yi karatu, ya samu takarda, gwamnati ta ba shi kujera. A kan wannan alkawari aka aza harsashin jami'ar Yamai a 1971, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. Alkawarin ya fara warwarewa cikin shekarun 1980, lokacin da kuɗin uraniyom ya faɗi, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka matsa wa gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ƙara wa ciwon gishiri. Bayan haka an buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, aka ƙara wasu huɗu a 2014. Masu fitowa da digiri sun ninka, kujerun gwamnati kuwa ba su ninka ba.

Maganin da aka fi ambata shi ne a koya wa ɗalibai kasuwanci. Magana ce mai kyau, amma kasuwancin da aka koya a kan allo kaɗai tamkar koyon iyo ne a bisa tudu. Ɗalibin da bai taɓa bin bashi an hana shi ba, bai taɓa ganin kaya sun lalace a hannunsa ba, bai taɓa tsayawa gaban ma'aikacin lanho ko na duwan ba, bai san komi ba tukuna, ko da ya haddace littafi goma.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Faransa, tun 1967 ɗaliban makarantar kasuwanci ta ESSEC suka kafa ƙungiyar da ke yi wa kamfanoni aikin bincike a biya ta, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A Kosta Rika, jami'ar aikin gona ta EARTH tana ba rukunin ɗalibai rance, su kafa sana'a, su gudanar da ita, su mayar da kuɗin. Kusa da gida, cibiyar Songhai da aka kafa a Porto-Novo ta ƙasar Benin a 1985 tana horar da matasa cikin gonar da ke sayar da amfaninta.

Abin lura shi ne ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Da yawa daga alhazan Maraɗi da Damagaram a ƙarƙashin ubangida suka tashi: yaro ya yi shekaru yana tsaron shago, yana raka kaya Kano ko Katsina, in ya riƙe amana a yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Abin da wannan makaranta ta rasa shi ne rubutaccen lissafi, sanin doka da dabarun sarrafa kaya. Abin da jami'a ta rasa kuwa shi ne sanin kasuwa. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan yake nema.

Aikin yi ba ya da wuyar samu. Albasar Galmi tana ruɓewa bayan girbi saboda rashin wurin ajiya mai kyau, manomi ya sayar da araha. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har ƙetare, akasari ɗanya ake fitar da ita, ribar jima da ɗinki ta tafi hannun wasu. Haka wake, aya da kilishi. Rukunin ɗalibai biyar, masu karatun noma da na lissafin kuɗi, da ƙaramin rance da ɗan kasuwa guda mai duba su, za su koyi abin da shekara uku a aji ba za ta ba su ba.

Masu adawa suna da hujja. Wasu malamai na ganin ciniki zai ɗauke hankalin ɗalibi daga karatu. Amsa ita ce a sa aikin cikin tsarin karatu, a ba shi maki kamar kowane darasi. Wasu kuma na tsoron kuɗin su zama ganima, kamar yadda aka ga asusun tallafi da yawa sun narke. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ya sa wajibi kuɗin su zama rance, a liƙa lissafin kowane rukuni a bainar jama'a, kuma a nisanta rabon daga siyasa da sanayya. Wanda ya yi asara bisa gaskiya a saurari bayaninsa, wanda ya ci amana a hukunta shi.

Nauyin yana kan shugabannin jami'o'i da majalisar ƴan kasuwa, su zauna su tsara yarjejeniya. Ma'aikacin da ɗansa ke zaune a gida da digiri, da attajirin da ke neman mai riƙe masa littafin lissafi, matsala guda ta dame su, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.