Shagon da ake shari'a a kansa: araha ko sayen rigima?

Idan kaka ta yi, kuɗin shinkafar Tudun Wada da na masarar Doguwa suka shigo hannu, dillalai kan fara zarya. Haka ma ma'aikacin da ya ajiye aiki a Bebeji ko Ƙiru ya karɓi giratuti: kafin ya gama lissafi an kawo masa tayin shago a wata filaza a birnin Kano, ko gida a rukunin gidaje a kan hanyar Zariya. Wani lokaci farashin kan yi ƙasa ƙwarai, idan ka tambayi dalili a ce maka "'yar rigima ce tsakanin ƙungiyar masu shaguna da magini, an kusa sasantawa."

Wannan amsa ita ce wurin da ya kamata mai saye ya tsaya. A dokar da kotunan Nijeriya ke aiki da ita, wanda ya sayi dukiya alhali ana shari'a a kan mallakarta, hukuncin da za a yanke zai hau kansa, ko da bai taɓa taka harabar kotun ba. Ragin da dillali ke yi masa, kuɗin wannan haɗari ne.

Sai dai ba kowace ƙara ce ke kashe ciniki ba. Akwai wadda mazauna ke shigarwa saboda aikin ha'inci: rufi na yoyo, bango ya tsage, ba a kawo taransifoma ko rijiyar burtsatse da aka yi alkawari ba. Irin wannan ana iya ƙiyasta ta da kuɗi. Injiniya ya duba ginin, mai saye ya tambayi nawa ake karɓa daga kowane mamba don biyan lauya, da kuma wanda zai ɗauki nauyin gyara idan ƙungiya ta faɗi a kotu, sannan a rage daga farashi. A ganina ma, ƙungiyar da ta iya kai magini kotu ta fi wadda shugabanninta ke cin abinci a ofishinsa.

Ƙarar da ta taɓa asalin fili kuwa wani abu ce daban, kuma Kanawa sun ga misalinta da idonsu. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan filin Idi na Ƙofar Mata da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne da gwamnatin Ganduje ta bayar ba bisa ƙa'ida ba. Da yawa daga masu shagunan sun biya kuɗinsu, suna riƙe da takardu. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke cewa a biya ƙungiyar 'yan kasuwar Idi diyyar naira biliyan 30; a Disamba aka sasanta a kan biliyan 3. Kashi ɗaya cikin goma ke nan. Ko wannan ma sun same shi ne domin suna da ƙungiya mai rajista da za ta iya tsayawa gaban alƙali da sunanta. A can da gwamnati aka yi shari'a, ba da magini ba, amma abin da ya rusa jarin mutane shi ne tushen takardar filin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka ba ya inganta sai da amincewarsa. Takardar rabo da magini ke bai wa mai shago a bene na biyu tana rataye ne da takardar maginin kansa; idan waccan ta faɗi, wannan ta bi ta. Don haka bincike a KANGIS, da tabbatar da izinin gini daga KNUPDA, da aika lauya ya karanta takardun ƙarar a rajistar kotu, sun fi shaidar dillali da ta mai unguwa nauyi. Mutanenmu na karkara sun saba da ciniki a gaban dagaci da shaidu, kuma a gona hakan kan wadatar. A filaza mai shaguna ɗari ba ya wadatarwa.

Ma'aikaci mai sa ran rancen asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, shi ma ya sani cewa banki takarda mai tsabta yake nema kafin ya karɓi jingina. Ko a Amurka ana ƙin bayar da rance a kan benen da ake shari'a game da ingancin gininsa. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a tabbatar da samunsa ba.

Wanda ya nace sai ya saya, to kada ya biya duka. A rubuta cewa ragowar kuɗin sai bayan hukunci, kuma idan fili ya kuɓuce mai sayarwa zai mayar da abin da ya karɓa. Mai sayarwar da ya ƙi sa hannu a kan wannan sharaɗi ya fi dillali sanin inda shari'ar ta dosa.