Tsofaffin Na'urorin Gem: A Can Dukiya, A Nan Juji

A watan Maris na shekarar 2020, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da wata tsohuwar na'urar wasan gem a kan Dala 360,000. Na'urar ta gwaji ce, wadda kamfanonin Nintendo da Sony na ƙasar Japan suka haɗu suka ƙera a farkon shekarun 1990, kafin su ɓata kowa ya kama gabansa. A watan Yuli na 2021 kuma, wannan kamfani ya sayar da kaset ɗin Super Mario 64 guda ɗaya tak, wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba, a kan Dala miliyan 1.56.

Irin waɗannan labarai yanzu suna isa har Birniwa ta wayar hannu. Matashin da ya taso yana biyan kuɗi a gidan gem, idan ya ji haka, sai ya soma tunanin ko tsohuwar Sega ɗin da ke ƙarƙashin gadon yayansa wata taska ce, ko kuma ya haɗa jari ya shiga odar irinta. To, kafin ya sayar da akuyar mahaifiyarsa, ya kamata ya san yadda wannan kasuwa take.

Nintendo ya fitar da Famicom a 1983, Sega ya fitar da Mega Drive a 1988, Sony kuma ya zo da PlayStation a 1994. Miliyoyi aka ƙera na kowace. Saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa na'ura tsada. Abin da masu tarawa ke biya wa kuɗi shi ne ƙarancin abu, da kwalinsa na asali, da takardunsa, da shaidar masana cewa ba jabu ba ne. Mafi yawan na'urorin da yaran Arewa suka yi wasa da su a wancan zamani kuwa kwaikwayo ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, masu kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasanni ɗaruruwa alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Waɗannan ba su da wata daraja a gidan gwanjo. Hatta a can Amurka, farashin da ya yi tashin gwauron zabi a 2021 ya faɗo daga baya, waɗanda suka saya don riba da yawa suka tafka asara.

Abin lura na biyu shi ne hanyar da kayan ke bi. Kafin a loda kwantena a Turai, an riga an tankaɗe an rairaye. Mai kyau yana zama a can, a shagunan masu tarawa. Tsakin da ya rage shi ne ke sauka a tashoshin Apapa da Tin Can, ya wuce kasuwar Alaba a Legas, ya hau mota zuwa Sabon Gari a Kano, daga nan Haɗeja, daga nan Birniwa. A kowane zango sai an sake tsince na kirki. Abin da ya iso ƙarshen hanya, sau da yawa sai dai a ce Allah ya sa ya kama wuta.

Wannan ba zargi ba ne kawai. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga cikinsa a tashoshin Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun kafin su sauka. Mafi yawansu daga Turai suke, da dama an cusa su ne a cikin motocin kwatano. Ga shi kuwa darajar Naira ta zube tun daga 2023, har Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024. Ke nan da Dala mai tsada ake sayo wa talaka sharar wasu.

Ba yau aka fara ba. A 1988 aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta lokacin. Wannan abin kunya ne ya haifar da Doka ta 42 ta 1988. Aka yi Yarjejeniyar Basel a 1989, aka yi ta Bamako a 1991, aka kafa hukumar NESREA a 2007. Dokoki dai ga su nan birjik a takarda. Bambancin kawai shi ne, gubar Koko a ganga ta zo, ta yau kuwa tana zuwa ne da sunan kayan wasan yara.

A nan ne abin ya shafi mutanen ƙasar Haɗeja kai tsaye. Tsohuwar na'urar gem da tsohuwar talabijin mai ƙeya da ake jona ta suna ɗauke da dalma, a jikin gilashi da kuma wuraren da aka yi wa walda. Idan sun mutu, 'yan gwangwan ne ke fasa su, yara su ƙona wayoyin don su fitar da jan ƙarfe, tokar ta zauna a juji. A yankin da ruwa ke malala kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, juji ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa na kwasarsa zuwa kududdufai da fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, inda ake kamun kifi, ake noman shinkafa, ake shayar da dabbobi. Wanda bai san aikin gubar dalma ba ya tuna Zamfara a 2010, inda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare. Wanda ya tsira da rai ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

Wani zai ce ai kayan hannu rufin asirin talaka ne, kuma masu gyara da masu gidajen gem da shi suke ci. Gaskiya ne, babu mai cewa a hana. Amma akwai bambanci tsakanin na hannu mai aiki da mushe. Wajibi ne Kwastam da NESREA su tabbatar an gwada kaya kafin su bar tasha, mataccen kuma a mayar da shi inda ya fito a kan kuɗin wanda ya kawo shi. Ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah ya bayyana aibin hajarsa, don ɓoye shi algus ne. Mai saye kada ya biya sai an jona a gabansa. Masu unguwanni su hana ƙona wayoyi a cikin gari da bakin ruwa.

Akwai kuma darasi. A watan Oktoba na 2024 Nintendo ya buɗe gidan tarihi a garin Uji kusa da Kyoto, domin adana abin da ya ƙera tun 1889 lokacin da yake buga katin wasa. Mutanen da suka killace kwalin wasan yara shekara arba'in sun san darajar nasu. A ƙasar Haɗeja kuwa, littattafan malamai na rubutun hannu gara na cin su a cikin adaka, tsofaffin tasoshi da takubba ana auna su a sikelin ɗan gwangwan. Matashin da ke neman tsohon abu mai daraja ba ya buƙatar jiran kwantena daga Legas. Ya fara leƙa ɗakin kakansa.