Wai karatu kyauta ne a Jamus: a daina ruɗin iyayen yara



Yau da ɓacin rai nake magana. Shekaranjiya bayan magariba wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin ma'adinai da ke zaune gida tun da aka rufe COMINAK a ƙarshen watan Maris na 2021, ya same ni shi da ɗansa. Yaron ya ci bak a bana. Wani mutum da suka haɗu da shi a WhatsApp ya ce zai samo masa gurbin karatun injiniya a Jamus, a kawo miliyon biyu na "buɗe dosiye". Wai karatu can kyauta ne, wai yaro na sauka zai samu aiki ya riƙe kansa, wai harshen ma a wata uku ya gama da shi. Na ce, Baba, wace jami'a ce? Ya ce Munik. Na ce don me Munik? Yaron ya yi murmushi ya ce ai can Bayern take. Haba jama'a! Ragowar kuɗin sallamar dattijo ne fa za a zuba saboda ƙungiyar ƙwallo.

Ban ga laifin yaran ba. Da can duk wanda ya ci bak da kyau, Faransa yake hange. Tun 2023 aka tsai da bizar ɗalibanmu, a farkon 2024 kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe. Dole yara su nemi wata ƙofa. Masu laifin su ne dillalan nan da suka ga ƙofa ta rufe, suka kafa rumfa a bakinta suna sayar da mafarki.

Mu ɗauki maganar kyauta. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin rajista na kowane zango. Amma dillali ba zai gaya maka cewa jihar Baden-Württemberg, inda Shtutgart da Karlsruhe suke, tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga baƙin da ba na Tarayyar Turai ba, wato kusan miliyon ɗaya na sefa. Ita kuwa babbar jami'ar fasaha ta Munik da yaron ke so, daga ƙarshen 2024 ta sa wa baƙi yuro 2,000 zuwa 3,000 a zango ga mai lisans, mai masta kuma 4,000 zuwa 6,000. Wato garin da ya zaɓa shi ne inda kyautar ta ƙare, ga tsadar ɗakin haya.

Ko a inda ba a biya, akwai sharaɗin biza. Sai ka nuna abin da zai ciyar da kai shekara guda, galibi a asusun da ake kullewa a banki. Tun Satumban 2024 adadin yuro 11,904 ne. Ku lissafa da kanku, yuro ɗaya sefa 656: miliyon 7 da dubu 800 ke nan. Kowane wata a sakar maka yuro 992, ka biya ɗaki, ka biya inshorar lafiya, ka ci abinci. Shekara ta zagayo, a sake tambayar ka da me za ka rayu. Aikin da ake ta kururutawa, doka ta iyakance shi ga kwana 140 a shekara. Kuma yaron da ya kwana yana ɗaukar kaya a sito, da wane ido zai zauna ajin lissafi da safe?

Sai harshe. Lisans na injiniya, mafi yawansa da Jamusanci ake koyar da shi, kuma jami'a na neman shaidar jarrabawar DSH ko TestDaF a mataki mai nisa. Wanda ba a yarda da bak ɗinsa kai tsaye ba, sai ya yi shekara ɗaya a makarantar share fage da suke kira Studienkolleg, ita ma da Jamusanci ake shigarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce maka wata uku, ko dai bai taɓa buɗe littafin Jamusanci ba, ko kuma aljihunka yake kallo.

To miliyon biyun nan na mene ne? Jami'o'i da yawa ta hannun uni-assist suke karɓar takardun baƙi, kuma yaro na iya turawa da kansa ta intanet. Yuro 75 ne ga takarda ta farko, kusan jikka 50, sai yuro 30 ga kowace ta gaba. Babu ɗan tsakiya da ke da gurbi a aljihu. Wallahi duk wanda ya ce yana da shi, ɓarawo ne.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai: ko an samu kuɗin, me za a karanto? Ku dubi inda muke zaune. An kafa SONICHAR a 1975, kuma sama da shekara 40 ke nan gawayin ƙasa na Anou Araren ke ba Arlit da Akokan da Agadas wuta. Injuna na tsufa, suna son masu gyara da masu sabuntawa. SOMAÏR na fitar da uraniyom tun 1971, a watan Yunin 2025 gwamnati ta mai da ita hannun ƙasa. Waɗanda za su riƙe ta nan gaba, daga ina za su fito? A Akokan kuma an bar tulin ragowar tama da ya kai tan miliyon 20, kusa da gidajenmu, bisa ruwan da muke sha. Wannan aikin ba na shekara biyar ba ne, jikokinmu ma za su tarar da shi.

Nan ne Jamus ke da abin koya mana, don wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Daga 1946 zuwa 1990 kamfanin Wismut ya haƙi uraniyom sama da tan dubu 200 a Jamus ta Gabas. Tun 1991 suke aikin rufe ramuka da binne tulin tama da tace ruwa, sun kashe biliyoyin yuro, har yau ba su gama ba. A jihar Saksoni, ɗaya daga cikin jihohi biyun da aka yi wannan haƙa, jami'ar ma'adinai ta Freiberg take, wadda aka kafa a 1765. Akwai Clausthal, akwai Aachen, akwai wata makaranta a Bochum da ke da cibiya ta musamman kan abin da ake yi bayan an rufe mahaƙa. A Ostiriya akwai Leoben, tun 1840 aikinta ke nan. Freiberg da Clausthal da Leoben ƙananan garuruwa ne, ba wanda zai yi hoto a can ya burge abokai, amma haya da sauƙi, kuma abin da ake koyarwa shi ne ciwon da ke damunmu. Mai mafarkin tashar nukiliya kuwa ya sani Jamus ta kashe nata uku na ƙarshe a watan Afrilun 2023. Suwizalan ma a bar zancenta, tsadarta ta fi ƙarfin ɗan ma'aikaci.

Na san wani zai ce, kai malam, kana karya wa yara gwiwa, ga ɗan wane ya tafi yana aiko da kuɗi. Allah ya ƙara masa. Amma mai aiko da kuɗi shi ake gani. Wanda jarrabawa ta kayar, biza ta ƙare, kunya ta hana shi kiran gida, ba ya sa hoto. Wani kuma zai ce duk wanda ya tafi ba zai dawo ba, to me ya kawo zancen Akokan? Amsata ita ce, abin da mutum ya karanta yana da hannu a dawowarsa. Wanda ya ƙware a ƙera mota, Shtutgart za ta riƙe shi. Wanda ya ƙware a ruwan ƙarƙashin ƙasa da gyaran mahaƙa, aikinsa na nan yana jiransa.

Abin da na gaya wa Baba shi zan gaya muku. Yaro ya fara a gida: ga EMAIR da jami'a a Agadas, ga EMIG a Yamai. Ya yi lisans, ya yi sitaj a SONICHAR ko a mahaƙa, yana koyon Jamusanci a hankali, ya je ya zauna jarrabawar harshe a cibiyar Goethe ta Lome ko Abijan ko Legas. Sannan ya nemi masta. Shekara biyu ce maimakon biyar ko shida, akwai waɗanda ake koyarwa da Ingilishi, kuma tallafin hukumar DAAD yawancinsa na masta da dokta ne, wani ma sai da shaidar aikin shekara biyu.

Tsofaffin injiniyoyinmu da malaman lise, dan Allah ku riƙa zama da ƴan bak kafin dillali ya riga ku. Iyaye, kada ku fitar da ko dala sai kun ga takardar karɓa daga jami'a da sunanta, kun kai wa wanda ya iya karantawa. Baba dai ya mai da kuɗinsa cikin akwati. Yaron na fushi da ni, bai gaishe ni ba jiya, na kuwa yarda da fushin nan.

Wanda aka taɓa yi wa irin wannan tayi, ya faɗa mana a ƙasa, ba sai ya ambaci suna ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare dukiyar talaka.